Janar Ya Je Biko

Abin da ya kai Saudatu yaji gidan ubanta a Kebbe bai taka kara ya karya ba, in ji mijinta. Malam Abdulganiyyu, malamin firamare a Tambuwal, wayarta ya ɗauka ya goge fim ɗin Chana da take kallo, saura ƙiris ta gama. Da ta tambayi dalili, ya ce ai duk ɗaya ne: dogon gashi, dogayen riguna, kuka da takobi. Washegari ya taso daga makaranta ya tarar da ɗaki a share, babu akwati.

Ya yi ta cika baki a majalisa wai da ƙafarta za ta dawo. Amma Allah ya sani yana son matarsa, kuma tuwon da yake tuƙa wa kansa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Da abin ya ishe shi, maimakon ya roƙi kawunsa ya je masa biko kamar kowane mai hankali, sai ya nufi shagon Gazali, mai tura wa mutane finafinai a waya.

"Malam, gaskiyarka, finafinan ga uwa ɗaya uba ɗaya na," in ji Gazali. "To abin da mace taka kallo kullum, shi taka so. Ka koyi hanyar, ka bi ta."

Ya cika masa waya fal. Malam ya leƙa wannan, ya tsallaka wancan, kowanne dai farkonsa kawai, don shi ba mai haƙurin zama ba ne. Ko'ina akwai janar da bai taɓa dariya ba tun da aka yaye shi. Ko'ina akwai yarinyar da ta yi shigar maza, gari guda ya makance, sai ta faɗo daga kan doki janar ya cafe ta suna juyi a iska, furanni na zuba ba a san daga ina ba. Uwar sarki kuwa ba ta da sana'a sai zuba guba a shayi. Amma abin da ya fi burge Malam shi ne tarin nan. Duk fim sai wani kyakkyawa ya yi tari cikin farin hankici, ya duba ya ga jini, ya yi kamar zai ɓoye, mace ta hango ta fashe da kuka ta yafe masa komai.

Ranar Asabar ya jiƙa tsakiyar sabon hankici da zoɓo mai kauri, ya hau babur. Ramukan hanyar Kebbe sun taimaka masa wajen ɗaure fuska, ya isa yana muzurai.

Surukinsa Malam Ɗangiwa, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, ya tarbe shi a zaure da fara'a. Malam ya amsa gaisuwa a gutsure, yana kallon nesa kamar mai hango rundunar abokan gaba, alhali bangon laka ne a gabansa. Aka kira Saudatu, ta zauna a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Ganinta ya sa zuciyarsa ta karye, saura kaɗan ya ce ta yi haƙuri. Sai ya tuna janar ba ya ba da haƙuri. Ya jawo hankici, ya kwashe da tari har da dafe ƙirji, ya buɗe shi daidai inda kowa zai gani.

Saudatu ba ta yi kuka ba. Tsohon ne ya zabura.

"Subhanallahi! Tun yaushe kaka tarin ga? Dube ka, duk ka rame!"

Ramar kam gaskiya ce, aikin tuwonsa ne. Kafin ya buɗe baki an yaye labulen zaure don iska ta shiga, an ware masa kofin ruwa nasa shi kaɗai. Malam Ɗangiwa ya yanke hukunci: wannan alamar tibi ce, wato tarin fuka, za a kai shi gwajin kaki, za a sanar da hedimasta tunda ɗiyan mutane yake koyarwa, Saudatu kuma ba ta komawa Tambuwal sai ya gama shan magani, ko da zai kai wata kakar.

Saudatu ta ɗaga hankicin da yatsu biyu, ta kai kusa da hanci. Malam ya zuba mata ido yana roƙo.

"Baba, a gwada shi dai," ta ce, ta ajiye.

Da ya fito wajen babur ta biyo shi, ta tsaya nesa kaɗan kamar mai gudun ɗaukar cuta.

"Malam, ko guda ka kalla har ƙarshe?"

Ya girgiza kai.

"Mai tarin ga ba shi ka samun matar ba. Na biyu na, mai busa sarewa. Kullum mutuwa shika yi, a rufe shi ƙarƙashin icce, ita ko ta bi janar."

"Don Allah, Saudatu, ki faɗa ma Baba."

"Kai ka yi tarin, Malam. Kai za ka faɗa mai."

Ta shige gida. Ya tsaya riƙe da makullin babur. In ya tafi, ya tsira da girmansa, ya koma gida shi kaɗai da sunan mai tibi. In ya koma zaure, Kebbe da Tambuwal sun sami abin dariyar shekara. Ya daɗe yana auna su, ya ga dariyar ta fi sauƙi.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, soɓo na."

"Mi?"

"Soɓo na niz zuba."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi wayar da ya goge, da shagon Gazali, da yadda ɗakin ya yi masa faɗi, har muryarsa ta fara rawa, wannan karon ba da gangan ba. Malam Ɗangiwa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake duban surukinsa kamar sabon ciwon da bai karanta a makaranta ba.

"Saudatu," ya ɗaga murya, "kin ji mijinki. Mi kika cewa?"

Daga bayan zana aka ji ta, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Baba, wanga kam ban taɓa ganinai a fim ba. A bar shi shi ƙarasa."