Ƙofar Ɗakin Mama

A layinsu, in aka ambaci Auta kowa da abin da zai ce. Matan da take yi wa ɗinki suna cewa hannunta ba ya zama wuri ɗaya, ko baƙunta ta je sai ta gyara wa masu gida zaman labule. Mai gyaran keken ɗinki ya ce ya cire rai da ita tun ranar da ya tarar ta warware kan keken gaba ɗaya ta mayar da kanta. Yayanta kuwa, wanda ya ba ta shekaru masu yawa, taƙaitawa yake yi: "Kunnen ƙashi gare ta."

Mama ce kaɗai ba ta cewa komai. Yanzu ma maganar ba ta fita sosai, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita a asibiti. Yau da yamma za a sallame ta, a keken marasa lafiya, keken kuwa ba zai shiga ƙofar ɗakinta ba. Auta ta auna da tef ɗin ɗinkinta, ta sake aunawa, ƙofar ta gaza da kusan faɗin tafin hannu.

Yaya ya riga ya yanke hukunci, gidansa za a wuce da Mama, can ƙofofi na da faɗi. Da aka gaya wa Mama sai ta juya fuska bango, da ƙyar ta fito da kalma ɗaya: "Ɗakina." A barandar asibitin suka yi sa-in-sa, har Yaya ya ce, "Ke ba don Mama kike yi ba. Tsoron zama ke kaɗai a gidan kike yi, tunda ba ki da kowa." Auta ta juya. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Sa'ar da aka yi, bangon ɗakin ba na bulo ba ne. Katako ne da falanki, marigayi babansu ya raba falo da shi. Kafinta ya yi alkawari bai zo ba, sai ta tsallaka gidan maƙwabcinsu Baba Direba, wanda ya sayi zarto mai lantarki don haɗa kejin kaji.

"Wannan fa ba almakashi ba ne, 'yata," ya ce yana miƙa mata. "Abin da ya yanke ba ya ɗinkuwa."

Ya nuna mata yadda za ta riƙe da hannu biyu, ta bari haƙoran su ɗauki gudu kafin su taɓa katako, ta jefa wayar bayan kafaɗa. Ta gwada a kan guntun katako har ta saba da shi.

A gida ta kwance ƙyauren ta jingine. Ta ja layi da allin ɗinki daga sama har ƙasa, ta ƙara ɗan sarari saboda hannun Mama mai lafiya in yana tura taya. Ta ɗaure ɗankwali a hanci, ta yi bismilla, ta danna. Ƙara ta cika gidan, garin katako yana zuba mata a ƙafa. Layin yana tafiya sumul, har ta fara jin daɗi. Ta kusa kai tsakiya sai zarton ya yi shiru, fankar falo ma ta fara rage gudu.

Ta waiwaya. Yaya ne a bakin ƙofar shigowa, hannunsa a kan babban makunnin wutar gidan, yana haki.

"Har nan ka biyo ni?" Muryarta ta tashi. "Ka kunna min wuta, Yaya. Ba kuɗinka na taɓa ba, ba gidanka nake yanka ba."

"Ajiye abin nan."

"Ba zan ajiye ba!"

"Auta, don Allah ajiye."

Rabon da ya haɗa ta da Allah har ta manta. Ta ajiye. Ya ɗauki sukudireba ya ɓanɓare gefen falankin, ya ce ta leƙa. Wata tsohuwar wayar wuta ce kwance a jikin katakon daga ciki, robarta duk ta tsattsage, tana gangarowa zuwa makunnin fitilar ɗakin. Tsakaninta da inda zarton ya tsaya bai fi kaurin yatsa ba.

"Ni na riƙe wa Babanmu ita ranar da ya kafa," in ji shi. "Ina ajiye mota na ji ƙarar, na san inda kike yankawa."

Auta ta ja da baya. Ta zauna a ƙasa cikin garin katako tana kallon hannayenta, tana juya su. Shi ma ya jingina da bango ya rufe ido, yana ta sauke ajiyar zuciya.

Can ta ce, "To yanzu fa? A kunna, wayar na da wuta. A kashe, zarto ba ya motsi."

"Wannan wayar ba mai kunna ta sai mai gyaran wuta ya gani."

"Shi ke nan, ka samu yadda kake so."

Yaya ya buɗe ido. Ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Baba Direba kira. Ba a jima ba sai ga doguwar waya an zuro daga soket ɗin gidan maƙwabcin.

"A yi a hankali, kajina na barci!" in ji tsohon.

Yaya ya cire ƙusoshin da suka riƙe tsohuwar wayar, ya janye ta gefe. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya dafe falankin.

"Yanka. Amma ki kula da yatsuna, da su nake cin abinci."

"Ka matsar da tumbin dai, shi ya fi kusa."

Ta ƙarasa har ƙasa. Ta goge bakin da takardar gurza katako, ta share garin, shi kuma ya tafi ɗauko Mama da ƙura a gemu.

Da yamma ya turo keken cikin falo. A bakin ƙofar ya saki, ya ja da baya. Mama ta dafa taya da hannunta mai lafiya, ta tura a hankali. Keken ya wuce bai gogi ko'ina ba. Ta tsaya tana kallon gadonta da dardumarta, sannan ta shafa bakin yankan.

"Ya karkace," ta ce.

Auta ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta fito falo tana naɗe doguwar wayar don ta mayar. Yaya ya kama ɗaya bakin yana taya ta, idonsa a ƙasa, har suka haɗu a tsakiya. Bai saki ba.

"Auta, maganar da na faɗa miki a asibiti, bai kamata ta fito daga bakina ba. Na yi kuskure. Ki yi haƙuri, ki yafe min."