Sandar Dogon Kyaftin

Manjo Labaran mai ritaya bai taɓa sa Sa Rolan a ido ba, amma ya san shi fiye da yadda ya san maƙwabtansa na Kurudu. Tun yana ɗan ƙarami mahaifinsu, Kofur Ɗangoggo, yake ba su labarin Baturen nan da ya yi wa hidima a barikin Kaduna kafin a sami 'yancin kai. Sojoji suna ce masa Dogon Kyaftin. Ɗan babban gida ne a Ingila, gidan da ke da wata sarautar gado da suke kira baronet. Ba shi ne ɗan fari ba, shi ya sa ya shiga soja. Da wansa ya mutu bai bar ɗa ba, aka kira shi gida ya gaji sarautar, ya zama mai faɗa a ji a gundumarsu. Shi ke tarbar manyan baƙi, shi ke buɗe bikin nuna amfanin gona, kujerar gaba kuwa tasa ce har ya tsufa.

A duk labarin, abin da ya fi tsaya wa Labaran a rai shi ne sanda. Wata 'yar gajeriyar sanda ce mai kan azurfa, irin wadda hafsoshi ke maƙalewa a hammata. Kofur ne ke goge ta kullum da toka da lemon tsami, in Kyaftin zai ci abinci ko zai gaisa da wani babba sai ya miƙa masa ya riƙe. Saboda sandar nan Labaran ya shiga soja. Ya je yaƙin Laberiya ya dawo da ɓarɓashin ƙarfe a cinya, ya koyi shan shayi da yamma, ya koyi tafiya da hannu a baya.

Wansa Manniru kuwa gyangyaɗi yake yi in an fara labarin. Ya girma ya kama sayar da doya da masara, bai taɓa sa takalmin soja ba ko da wasa. To amma shi ne babba. Da Kofur ya rasu, shi aka naɗa wa rawanin Sarkin Hausawan unguwarsu a Kuje, shi ya zauna a babban gida. A wurin suna ko jana'iza sai ka ji an ce, "Sarki ya iso," a tashi tsaye. In Labaran ya iso da lambobinsa, sai a ce, "A ba ƙanin Sarki kujera." Wannan magana tana ci masa rai ƙwarai. Yana ƙyashin Manniru, ya kuma san yana yi. Wani lokaci in ya tuna yadda Dogon Kyaftin ya sami sarauta, sai wani mugun tunani ya gifta masa, ya yi maza ya ce astagfirullah.

Labaran ne ya sa hoton Kofur a shafin tsofaffin sojoji na intanet: Kyaftin a zaune, Kofur a tsaye a bayansa. Ana nan sai ga kira daga Ingila. Jikar Sa Rolan ce, wata dattijuwa mai suna Rozalin. Ta ce za ta zo Abuja, kuma tana tafe da sandar kakanta don ta mayar da ita gidan Kofur Ɗangoggo.

Tun daga ranar Labaran ya hana kowa sakat a gida. Ya sa kafinta ya kafa ƙusoshi biyu a bangon falo, daidai inda mai shigowa zai fara kallo. Matarsa Turai ta tsaya tana kallon ƙusoshin ta ce, "Manjo, ta ce maka kai za ta ba?"

"To wa za ta ba? Mai doya?"

"Yayanka ne dai."

"Madam, wannan harkar soja ce, ba rabon gona ba. Wa ya nemo ta? Wa ya san darajar abin?"

Turai ta ce Allah ya kyauta, ta koma kicin.

Da Labaran ya so a yi taron miƙa sandar a gidansa, amma baƙuwar ta ce tana son ganin inda Kofur ya zauna. Ranar ya fito da tsohon kakinsa, wanda yanzu sai ya haɗiye tumbi kafin maɓalli ya shiga, ya jera lambobi a ƙirji, ya je ya ɗauke ta a masaukinta a Jabi. Tana rungume da wani dogon akwati na fata a cinya. A hanyar Kuje, go-silo ya tsare su, hira ta yi nisa. Ta ce ita ce babbar jika, a gidan kakan ta tashi, ita ta yi jinyarsa. Amma da mahaifinta ya mutu, sarauta da gida suka tafi wurin wani ɗan baffanta da ko sunan karnukan gidan bai sani ba, don mace ba ta gadon sarautar.

"Bai ba ki haushi ba?" in ji Labaran.

"Har gobe yana ba ni," in ji ta, tana dariya.

Labaran ya ji sanyi a ransa. Ga wadda ta san ciwon da yake ji. Ya ƙara wa mota wuta.

A Kuje an kafa rumfa a ƙofar gida, mutanen unguwa sun cika. Manniru na zaune a kujerar mahaifinsu cikin babbar riga da rawani, ƙafarsa mai ciwon sanyi a kan matashi. Da yake ba ya jin Turanci, Labaran ne zai yi tafinta, don haka ya tsaya a bayan kujerar ya ƙame, ƙirji a gaba. Rozalin ta dube su, ta dafa ƙirji ta ce, "Kai! Kamar hoton nan!"

Wannan dai bai fassara ba.

Aka yi gaishe-gaishe, aka kawo kunun aya. Sannan ta buɗe akwatin. Ga sanda nan, ta fi yadda ya zata ƙanƙanta, kan azurfar ya ɗan dushe. Labaran ya ƙura mata ido. Har ya fara tunanin inda zai samo toka mai laushi.

Ta miƙe ta yi jawabi, yana juyawa da Hausa jimla bayan jimla. Ta ce kakanta bai taɓa mance Kofur ba. Ta ce da ya tsufa yakan ce hannun Kofur ya fi nasa sanin sandar nan, a mayar da ita gidansa. Sai ta ce, "A al'adarmu, irin wannan kaya babban ɗa ake ba. Ni al'adar ba ta yi mini daɗi ba, amma ita kakana ya sani, ba zan saɓa masa ba."

Ta juyo wajen Labaran tana jiran ya fassara. Duk rumfar ta zuba masa ido. Zai iya cewa ta ce a ba sojan gidan, Manniru ba zai musa ba, ita ma ba za ta gane ba sai an gama. Maganar ta zo masa har baki. Amma a gaban sandar Dogon Kyaftin yake tsaye, cikin kaki, bai iya ba.

"Ta ce Yaya za a ba," in ji shi. "Shi ne babba."

Aka ɗauki tafi, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Manniru ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya gwada dogara ta a ƙasa, ya ga ko gwiwarsa ba ta kai ba.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wannan ai ko akuya ba ta kora ba. Ka ce mata mun gode, Allah ya bar zumunci."

Labaran ya faɗa mata sun gode. Idonsa na kan yatsun Manniru, masu maiƙon naman da ya ci ɗazu, suna shafa azurfar. Da a ce mari aka yi masa a gaban jama'a, da ya fi masa sauƙi.

Aka ce baƙuwa ta shiga ta ga ɗakin Kofur. Manniru ya yunƙura zai tashi, ga rawani, ga babbar riga, ga ƙafa, sanda ta hana shi dafa kujera. Bai ko waiwaya ba, ya miƙa ta baya ta kan kafaɗarsa.

"Labaran, riƙe mini."

Hannun Labaran ya riga tunaninsa, don tun suna yara in Yaya ya miƙo abu karɓa yake yi. Azurfar tana da sanyi, sandar ta zauna a tafinsa daram. Ya ɗaga ta zai maƙala a hammata, sau ɗaya dai a rayuwarsa, sai wani dattijo ya ce, "Oga Manjo, bi Sarki mana, ka tare hanya."

Ya sauke ta. Ya riƙe ta da hannu biyu a gabansa, yadda Kofur ya sha nuna musu, ya bi bayan wansa suka shiga gida.