Kwalbar Da Ba Ta Ƙarewa

Kwana uku ke nan idon Auta na dama yana mata zafi kamar an watsa masa yashi. Ranar farko ta ɗauka gajiya ce, domin aikinta a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti kallo ne tun safe har la'asar, ido a bakin na'urar duba ƙwayoyin cuta. Saboda na'urar ce ma ta daina sa tabarau a wurin aiki, kullum sai ya yi karo da bakin madubin. Ta koma gilashin cikin ido, irin mai laushin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, siriri kamar ɓawon albasa. Rana ta biyu ta cire shi, ta lalubo tsohon tabaraunta a durowa. Rana ta uku ta tashi idon ya yi jawur, yana ta hawaye, ko hasken taga ba ta iya kallo.

"A'a, Farfesa ta dawo," in ji yayanta da ya gan ta da tabarau a falo. Da ta ɗago ya ga idon, sai ya daina dariya ya ɗauki makullin mota.

Mama ta riga su shiga motar. Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya bara, kuma tun daga lokacin gidan ne ya zama ɗakin majiyyatanta. Ko atishawa aka yi sai ta taɓa goshi.

"Ki taho da kayan idon naki duka," ta ce. "Likita zai so ya gani."

Likitar ido mace ce ƙarama, ba ta fi Auta da shekara biyar ba. Ta zaunar da ita, ta ba Mama kujerar gefe, sannan ta jera kayan a kan tebur: ɗan akwati mai rami biyu inda gilasan ke kwana cikin ruwa, da kwalbar ruwan wanke su.

"Kina barci da su?"

"A'a."

"Ko gyangyaɗin rana?"

"Ina cirewa."

"Wanka fa?"

"Sai na cire nake shiga."

Likitar ta ce ta nuna mata yadda take yi. Auta ta yi bayani a hankali, tana kallon hannunta. Takan wanke hannu da sabulu, ta goge da tawul marar gashi. Takan fara da idon dama don kada ta musanya. Ta sa gilashin a tafin hannu, ta ɗiga ruwan kwalba, ta murza shi da ɗan yatsa, ta ɗauraye. Ruwan da ya kwana a akwatin takan zubar, ba ta taɓa ƙara sabo a kan tsoho ba. Akwatin ma da ruwan kwalbar take ɗauraye shi, ta kife a kan takarda mai tsabta ya bushe. Farcenta a yanke. Ruwan famfo bai taɓa taɓa su ba.

"Ke kam ke ya kamata ki riƙa koya wa mutanena," in ji likitar. Ta ɗauki kwalbar tana juyawa. A jikinta akwai ranar da aka buɗe ta, Auta ta rubuta da baƙin alƙalami. Likitar ta ɗaga kwalbar ta girgiza kusa da kunnenta.

"Wata biyu saura kwana uku da buɗewa. Kullum kike amfani da ita?"

"Kullum."

"To ai da tuni ta ƙare. Ga ta har yanzu ta fi rabi."

Auta ba ta taɓa lura ba. Kwalbar ba a ganin cikinta, ita dai takan matsa ruwa ya fito. Ta juya gefe da idonta mai lafiya. Mama ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu, tana buɗe maɓallin tana rufewa. Auta ta gane. Ta buɗe baki za ta ce wataƙila ita ce ta rubuta ranar ba daidai ba, amma Mama ta riga ta.

"Ni ce, likita. Ni nake ƙara mata."

"Da me, Mama?" in ji likitar.

"Da ruwan gishiri. Na ga ta kusa ƙarewa, yarinyar nan ba ta da lokacin zuwa kanti. Na karanta jikin kwalbar na ga akwai gishiri a ciki. Na tafasa ruwa, na auna gishirin daidai yadda muke yi idan ruwan wanke ciwo ya yanke mana. Mazurarin ma sai da na tafasa shi." Ta gyara zama. "Sau biyu na yi. Ba da ƙazanta na yi ba."

"Na sani," in ji likitar, ba ta ɗaga murya ba. "Amma wannan ba gishiri kaɗai ba ne, akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Da kika ƙara ruwa, maganin ya tsinke, ya daina aiki. Ruwan da aka haɗa a gida kuma ko an tafasa, yana hucewa abubuwa suke sake shiga. Ciwo kin wanke kin wuce. Shi kuwa gilashin nan shan ruwa yake kamar soso, ya yini manne da ido."

Mama ta rufe maɓallin jakarta.

Likitar ta ɗiga wa Auta wani ruwa mai ruwan ɗorawa, ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska shuɗiyar fitila. Ta daɗe tana dubawa.

"Akwai ɗan miki a saman baƙin idon. Ƙarami ne, kuma yana gefe. Idan ya tsaya a nan, zai warke bai taɓa ganinki ba. Idan ya matso tsakiya ya bar tabo, za ki riƙa gani dishi-dishi da wannan idon."

Auta ta tuna na'urarta mai baki biyu, wadda sai da ido biyu ake aiki da ita.

Likitar ta goga ɗan auduga a mikin don a kai gwaji, ta sa gilasan da akwatin da kwalbar a leda ta ajiye. Ta rubuta maganin ɗigawa: kowace awa ɗigo ɗaya, a dawo jibi, kuma babu gilashin cikin ido sai ta ba da izini.

A mota Yaya ya tambaya, "Me aka ce?"

"Ƙwayar cuta ce," in ji Auta.

"Ke da kike kama su kullum, yau sun rama ke nan?"

Babu wanda ya yi dariya. Ya leƙa fuskar Mama a madubi, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

Da suka isa gida Mama ta wuce ɗakinta ta tura ƙofa. Auta ta zauna a falo da maganin a hannu. Ta iya ɗiga wa kanta, wanda yake taɓa ƙwayar idonsa kullum ɗigo ba zai gagare shi ba. Ta jira agogo ya kusa cika awa, sannan ta je ta ƙwanƙwasa.

"Mama, hannuna rawa yake. Zuba nake a kumatu."

Sai ta ji ƙarar famfo, an daɗe ana wanke hannu. Mama ta fito da takarda da biro, ta ja layuka, ta rubuta awoyi a jere ta manna a jikin firij.

"Kwanta. Kalli sama. Kada bakin kwalbar ya taɓa gashin ido, ba ki sani ba?"

"Na sani, Mama."

"Kin sani, kin sani. Rufe. Kada ki matse."

Haka suka yi kwana biyu. Ko Yaya ya zo wucewa da kofin shayi sai Mama ta ce ya koma ta can, kada ya yi musu numfashi a kai.

Ranar komawa likitar ta sake haska shuɗiyar fitilar. Ta duba, ta ɗan ja baya, ta sake dubawa.

"Ya ja da baya, bai matso ba. Za mu jira sakamakon gwajin, amma hankalina ya kwanta. Ku mayar da ɗigon kowace awa biyu." Ta ga takardar da ke hannun Mama, kowane layi da alamarsa. "Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Mama. Ta ɗora takardar a gwiwa ta fara jan sababbin layuka. "In ya warke, sabon akwatin duk wata nawa ake canja shi?"

"Wata uku, Mama. Kwalba kuma in ta ƙare, ta ƙare."

Mama ta rubuta a ƙasan takardar.