Rigar da Don Abelardo Ya Ɗora

Tun kafin jerin gwanon Juma'a Mai Tsarki ya kai titin hawa, ƙugun Fabio ya fara ci da wuta. Shi ne a gurbin gaba na dama, katakon karagar da ke ɗauke da siffar Yesu da gicciyensa ya nutse masa a kafaɗa, idon gari duk a kansa. Don wannan kallon ya so gurbin tun farko. Yau kuwa da zai samu ramin ɓera da ya shige.

"Kansila, kana jan ƙafa!" in ji Don Hermes, shugaban masu ɗauka, yana tafe a gefensa. "Ka san doka. Wanda ya zame kafin ƙofar coci, gidansu ya rasa gurbi har abada."

"Na sani, Don Hermes! Kai dai ka buga katako a huta."

Gurbin na mahaifinsu ne, Don Abelardo. A garin nan uba ke ɗora wa ɗansa shuɗiyar rigar ɗauka da hannunsa, kuma ba a ƙwace ta, sai dai mai ita ya tuɓe ya sa wa jininsa da kansa. Kowa ya san ta Nicanor ce, babban ɗa. To amma ranar da tsohon, wanda yanar ido ta hana shi gani, ya aika a kira shi, Nicanor na garke wajen saniya mai naƙuda. Mahaifiyarsu ta yafa wa ɗan lelenta Fabio ruanar Nicanor, bargon kafaɗar nan mai warin shanu da hayaƙi. Tsoho ya shinshina, ya shafa, ya ɗora riga, ya sa albarka.

Rigar ta yi wa Fabio rana, ita ta kai shi har kujerar kansila. Nicanor kuwa ya kora shanunsa ya gangara filayen kiwo, aka daina jin ɗuriyarsa.

Bana da ƙugun ya matsa, Fabio ya aika wa Nicanor da buhun kofi don neman sulhu, aka dawo da shi. Ya aika da ɗan maraƙi, aka dawo da shi har da igiyarsa. Ya yi ta kokawa da Ubangiji cikin addu'a a gaban bagaden coci, ya miƙe da ɗingishin da ya fi na da. To me kuma ake so ya yi?

Don Hermes ya ƙwanƙwasa katako, aka sauke karagar a kan gwafanni don a sha iska. A nan Fabio ya hango shi. Nicanor ne jingine da bangon gidan burodi, furfura ta fito masa, ruana a kafaɗa, yana gaigayar gasasshiyar masara hankali kwance.

"Yaya," Fabio ya kira ƙasa-ƙasa. "Matso mana."

"Ranka ya daɗe, kansila! Ni? Ai warin shanu nake, kada in ɓata maka riga."

"Don Allah bar wasa. Ƙafata ta mutu, ba zan kai sama ba."

"Aika mata da buhun kofi, ko za ta haƙura."

Masu ɗauka na baya suka ƙunshe dariya. Fabio ya ji kamar ya kwaɗa masa gwafa.

"Gurbin Baba ne zai tafi!"

"Gurbin wa? Ban ji ba. Tun da na bar garin nan kunnena ya yi nauyi."

"Kansila, zan buga," in ji Don Hermes, ya ɗaga hannu. "Ko ka shiga ƙasa ko ka fita."

Fabio ya dubi titin da ya miƙe sama, ya dubi jama'ar da suka zaɓe shi, ga Fada, limamin cocin, can gaba ya waigo. Ashe abin da Nicanor ke jira ke nan, a faɗa inda kowa zai ji. Ya fizge ɗamarar rigar.

"Naka ne!" ya faɗa da ƙarfi, har masu busa suka yi shiru. "Baba kai ya kira. Ruanarka na yafa na karɓa. Ku ji, jama'a, na Nicanor ne!"

Ya tuɓe rigar, ya saura daga shi sai singileti da gumi ya jiƙe, ya zura wa yayansa ita ta ka. Ta matse shi a ƙirji. Nicanor ya tsaya yana shafa wuyanta, inda ɗinkin mahaifiyarsu yake. Sai ya cusa wa Fabio ragowar masarar a hannu, ya jefa masa ruanar a kafaɗa.

"Rufe haƙarƙarinka, kana ba mu kunya. Wannan karon ni na ba ka."

Ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin katakon. Don Hermes ya buga, karagar ta tashi tsaf, ta kama hawa.

Fabio ya bi gefenta yana ɗingishi, ba mai kallonsa.

"Kai, kada ka yi nisa," in ji Nicanor cikin nishi, bai waigo ba. "Riƙe min gwafa. Ashe nauyin nan ka yi ta ɗauka, ɓarawo?"