Ranar da Akwatin Zaɓe Ya Sauko daga Bene

Kai ma kana wurin. Ka ga tsofaffi zube a gindin matakala, ka kau da kai, ka haye ka jefa ƙuri'arka.

An mai da rumfar zaɓen unguwarmu saman benen makaranta, wai ajin ƙasa yana yoyo. Masu ƙafa suka haye. Aka bar tsofaffi, da wata mai tsohon ciki, da tela mai sanduna biyu, ga lokacin rufewa yana matsowa.

Sai ga Gwaggona tana dogara sanda. A gidan jarida ta yi ƙuruciyarta, har aka kulle ta kan labarin da ta ƙi janyewa. Ta fito ta bi gida-gida tana haɗa kan mata 'yan kasuwa. Daga baya ƙasashe suka riƙa gayyatarta don ta koyar da ma'aikatan zaɓe. Dokarta ɗaya ce ko'ina: kafin ka kafa rumfa, ka bi hanyar kamar kai ne mafi rauni a unguwar.

Jami'in zaɓe ya leƙo, ya gane ta, ya sauko da gudu ya rusuna.

"Malama! Ai ke kika koyar da mu. Bari samari su ɗauke ki a kujera."

"Ni kaɗai?"

"To, ke ai daban ce."

Tela ya ce, "Mu kuma buhunan gawayi ne, ranka ya daɗe?"

Aka yi dariya, ban da Gwaggo. Ta miƙo mini sandarta, ta durƙusa, ta dafa matakala da hannu biyu, ta ja gwiwa.

Na ce, "Gwaggo, don Allah!"

"Matsa, ɗiyata. Haka ɗalibina ya tsara, haka zan hau."

Tela ya yar da sandunansa ya bi bayanta da rarrafe.

Jami'in ya haye bene a guje. Can sai ga shi rungume da akwati, wakilan jam'iyyu na biye da tebur a ka. A barandar ƙasa aka kafa rumfar. Gwaggo ta kakkaɓe zaninta, ta koma ƙarshen layi, bayan tela.

Wani zaɓen yana tafe, gwiwar Gwaggo kuwa ta gama nata aikin. Tashi ka je ka duba rumfar unguwarku. In ka tarar da matakala, kada ka bar ofishin zaɓe sai an sauko da ita.