Fulogi na Uku

Haradhan ya ɗaure fulogi na uku, ya kwance shi, ya sake ɗaga shi sama yana duba shi da hasken rana. Tsagin yana nan a jikin tangaran ɗin, siriri kamar gashi.

"Haru, aure za ka yi da shi ne?" in ji Somnath-babu, maigidansa, wanda yake kira Babu don girmamawa, daga cikin motar. "Mayar da shi, ga alƙalai can sun kusa."

"Babu, na gaya maka tun ranar Laraba, wannan ya tsage. Ga sababbi a aljihuna. Minti biyar."

"Sababbi na kanti? A motar mahaifina? Ka yi hauka."

Shekara talatin da huɗu ke nan Haradhan yana gyaran wannan jar motar tseren ƙirar 1948, kuma ya san in tsohon ya ce "mahaifina" to magana ta ƙare. Tsofaffin fulogi huɗun da motar ta sauko da su daga jirgin ruwa, a gwangwanin shayi Somnath-babu yake ajiye su, naɗe da auduga. Sau uku kofin motar da ta fi kowace zama yadda aka ƙera ta yana suɓuce masa a gasar tsofaffin motocin Kolkata, kullum a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Bana shekararsa tamanin da biyu, likita ya ce wannan ce fitarsa ta ƙarshe, shi kuwa ya rantse ko ƙusa ɗaya ba za a samu baƙuwa ba. Haradhan ya ɗaure fulogin, ransa a ɓace.

Alƙalin ya iso da ɗan madubinsa na likitan haƙori. Irin mutanen nan ne da za su kwana suna gardama a kan launin waya alhali ko taya ba su taɓa canjawa ba. Ya leƙa nan, ya leƙa can, da ya zo kan fulogin sai ya cire tabarau.

"Kai! Na asali? Duka huɗun?"

"Duka," in ji Somnath-babu, yana kallon wani wajen kamar abin bai dame shi ba.

Aka rufe murfin inji, aka manna takarda mai hatimi a bakinsa. Dokar kowa ya san ta: mota ta yi kilomita arba'in da ƙarfin kanta, ta dawo takardar ba ta yage ba. Wanda ya buɗe murfi a hanya zai iya ƙarasa tafiyarsa, amma ya manta da kofi.

Ishani, 'yar Somnath-babu, ita ce a sitiyari, don ƙafar tsohon ta daina taka kuloci. Ta leƙo wajen Haradhan, wanda take kira Kaku, wato kawu, ta ce a hankali, "Kaku, za ta kai?"

"Kada ki bar ta ta daɗe a tsaye tana aiki. Ina bayanku."

Ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi su. A Red Road motar ta miƙe lafiya lau, mutane a gefen titi suna ɗaga hannu, tsohon yana amsawa da hularsa kamar gwamna. Haradhan bai kalli kowa ba. Kunnensa yana kan salansar motar, yana jin bugun injin ɗaya bayan ɗaya, musamman duk lokacin da Ishani ta sassauta totur.

Sun ci kilomita ashirin da takwas ke nan suka faɗa cunkoso a Alipore, wata bas ta gitta ta ƙi gaba ta ƙi baya. Minti goma motar tana tsaye tana zafi. Da hanya ta buɗe Ishani ta taka, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Sannan ya koma ɗingishi, bugu uku da rami ɗaya, motar gaba ɗaya tana karkarwa, warin ɗanyen fetur ya bugi hancin Haradhan.

Ya sha gabansu yana daka hon, ya ƙwala wa Ishani kira da sunanta na lele. "Tsaya! Mamoni, kashe ta!"

Ishani ta gangara gefe ta kashe.

"Wa ya ce ki tsaya?" Somnath-babu ya buga sandarsa a ƙasan motar. "Saura sha biyu! Da fulogi uku ma za ta kai!"

"Za ta kai," in ji Haradhan, yana haki. "Ban ce ba za ta kai ba. Amma tangaran ɗin ya buɗe, Babu. In ɓallinsa ya faɗa ciki, zai kankare silinda, ya fasa fistin. Wannan injin ba shi da na biyu a ƙasar nan, ka fi ni sani."

"In ya faɗa. In kuma bai faɗa ba fa?"

"Sai ka ɗauki kofinka."

"To me muke jira?"

Jajayen motoci da koraye, sa'o'in tasu, suna ta wuce su, direbobin suna ɗaga hannu cikin tausayin nan mai ƙona rai. 'Yan kallo sun fara taruwa. Wani mai sayar da kwakwa ya ce ai batir ne, wani ya ce a tura. Haradhan ya ji kamar ya kwaɗa musu sifana. Hannunsa yana cikin aljihu, ya damƙe sabon fulogi har ya yi gumi, amma takardar nan ba tasa ba ce da zai yaga, motar ma ba tasa ba ce. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da matarsa ɗakin tiyata.

"Babu," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "in ta mutu yau, ba za ta sake tashi ba."

"Ni ma haka," in ji tsohon. "Ishani, tayar."

Ishani ta kai hannu kan maɓallin, amma ba ta danna ba. Kallon gabanta kawai take, ɗayan hannun a kan sitiyari, babban yatsanta yana shafa inda fatar sitiyarin ta goge. Uban ya juyo zai yi mata tsawa, sai ya tsaya yana kallon hannun. Ya daɗe yana kallo.

"Ke," ya ce, "in babu ni, sayar da ita za ki yi?"

"Haba Baba."

"Tambayarki nake. Baɗi za ki fito da ita?"

"In tana tashi."

Somnath-babu ya buɗe ƙofa, ya ture hannun Haradhan da ya miƙo zai tallafe shi, ya dafa jikin motar yana jan ƙafa har ya kai gabanta. Ya tsaya a kan takardar, ya karanta lambarsa da sa hannun alƙali. Sai ya sa farce ya yage ta gida biyu.

"Me kake kallo, Haru? Sa naka na kantin. Kuma ka yi sauri, rana tana dukana."

Haradhan ya ɗaga murfin, zafi ya bugi fuskarsa. Ya nannaɗe hannu da tsumma, ya kwance na ukun a hankali. Fulogin na fitowa, bakin tangaran ɗin ya ɓalle ya faɗa cikin tsumman. Ya dunƙule shi da sauri, don kada tsohon ya gani.

"Na gani," in ji Somnath-babu. Ya juya wajen 'yarsa. "Sauko ki tsaya kusa da shi. Ki ga yadda ake ɗaurewa."