Fuskar Ɗan Fari

Tsakiyar duk abin da ta kalla ce ta fara ɓace wa Inna Bintu. In tana tsintar shinkafa sai ta ga bakin faifai, shinkafar kuwa babu. Ta yi ta ɓoyewa har ranar da ta zuba wa jikokinta gishiri a koko.

Misbahu, ɗanta na fari da ke koyarwa a Birniwa, shi ya zo Guri ya kai ta asibiti a Haɗeja. Tafiyar ta yi mata nauyi, don ita irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa sai dai "wancan", in ya zo gaisuwa kuma bango take amsa wa.

Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce tsakiyar ganin ta tafi, tabarau ba zai dawo da ita ba, gefen ma ba shi da tabbas. Amma kafin nan, in tana son ganin abu kada ta fuskance shi, ta kalli kusa da shi.

Da za su koma, ruwa ya cinye hanya, sai suka shiga kwalekwalen tsoho Bakari suka zauna suna fuskantar juna. Nan abin ya soke ta. Ta haifi mutum, ya girma har ya tara iyali, ga ido zai rufe ba ta san fuskarsa ba. Ta daure ta ɗaga kai ta dube shi sosai. Kafaɗu ta gani da saman hula, tsakaninsu duhu. Hawaye ya taru mata.

Sai ta juya kai wajen ciyayin bakin ruwa, yadda likita ya koya mata. Fuskar ta fito dishi-dishi: dogon hancin babansa, da fari-fari a gemu.

Bakari ya yi dariya, ya ce wannan kunya ta Bintu ko a tsakiyar kogi ba ta hutu.

Ba ta kula shi ba, ba ta kuma juyo ba. Can ta ce, "Yaushe ka yi furfura haka?"

Misbahu ya cire hula, ya gyara zama ta inda rana za ta haske shi.

"Malam Bakari," in ji ta, "tuƙa a hankali. Ba sauri muke ba."